NAZARI: Fatake babu fatoma: Yadda masauki da abinci suka zama siyasa a birnin Guangzhou

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Atiku da ke birnin Sakkwato ya ƙare wa titi kallo na ɗan lokaci, zai ga kayan ƙasar Sin suna wucewa ta gabansa ba adadi. Da yawa daga baburan 'yan kabu-kabu daga can suka fito, haka wayar Tecno ko Itel da ke hannun fasinja, da farantin sola da ke kan rufin shago, da atamfa mai rahusa da ke jikin mai tallan fura. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun daɗe suna nuna cewa babu ƙasar da Najeriya ke sayo kaya a wurinta kamar Sin.

Galibin waɗannan kaya sai sun bi ta Legas ko Onica ko Kano kafin su iso Sakkwato, kuma kowane hannu da suka ratsa yana cire ribarsa. Shi ya sa burin matashin ɗan kasuwa da jarinsa ya fara kauri shi ne ya tsallake dillalai, ya je da ƙafarsa Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong a kudancin Sin, mai mutane sama da miliyan 18. A can ake gudanar da bajekolin Canton tun 1957, sau biyu a shekara: daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

Sai dai kafin ɗan kasuwar ya yi cinikin ko kwali ɗaya, akwai tambayoyi biyu da ke jiransa a filin jirgin sama na Baiyun: a ina zai kwana, kuma me zai ci? A ido ƙananan tambayoyi ne. Amma su ne suka sa Kakakin Majalisar Wakilan Najeriya ya kira jakadan Sin a 2020, su ne kuma suka sa hukumomi uku na gwamnatin Sin suka fito suka yi bayani a 2024. Masauki da abinci su ne ma'aunin da ke nuna matsayin ɗan Najeriya a cikin dangantakar da shugabanni ke yi wa kirari a Abuja da Beijin.

Aikin da fatoma yake yi

Fatauci mai nisa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano da Sakkwato da Jega a ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne fatoma, wato mai masaukin baƙi a zango. Shi ke ba falke ɗaki, daga gidansa ake kawo tuwo, shi ke ajiye kaya, ya nemo mai saye, ya yi tafinta, ya tsaya wa baƙonsa idan bashi ya shiga tsakani ko rigima ta kai gaban sarki. Ladansa la'ada ce, jarinsa kuwa amana. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu kacokan a wuyan irin waɗannan masu gida ya rataya.

A Sakkwato kuwa, saukar da baƙon ƙetare aikin hukuma ne. Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso birnin a watan Maris na 1824, a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima aka sauke shi. Da ya dawo a 1826, lokacin ana yaƙi da Barno, sai hukumar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta karɓe wasiƙa da kayan da ya yi niyyar kai wa Shehu al-Kanemi. Ke nan mai masauki na da fuska biyu: yana kare baƙo, yana kuma sa masa ido.

Matsalar ɗan kasuwar Arewa a Guangzhou ita ce an raba waɗannan fuskoki biyu. Gwamnatin Sin ta riƙe sa ido da hannu bibbiyu. Kariyar kuwa babu wanda ya ɗauke ta a matsayin aikinsa.

Ɗaki da rajista

Dokar shige da fice ta Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013, ta wajabta wa kowane baƙo rajistar wurin kwanansa. Idan a otal ya sauka, otal ɗin ne zai ɗauki bayanan fasfonsa ya miƙa wa 'yan sanda. Idan kuwa a gidan aboki ne ko ɗakin haya, dole shi ko mai gidan su je ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Wanda ya yi sakaci da wannan na iya fuskantar tarar da ta kai yuan 2,000. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama kuwa, tarar yuan 500 ce a kowace rana har zuwa yuan 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15.

A takarda dokar ba ta bambanta baƙo da baƙo ba. A aikace, ƙananan otal masu araha sun shafe shekaru suna juya wa baƙi baya da hujjar ba su da izinin sauke 'yan ƙasar waje. Mai kuɗi ba ya jin wannan a jikinsa, domin manyan otal na karɓar kowa. Wanda abin ke ci shi ne mai ƙaramin jari, musamman a makonnin bajekoli lokacin da kuɗin ɗaki ke ninkawa. Shi ne ke yawo da jaka daga wannan ƙofa zuwa waccan, daga ƙarshe ya raɓa a ɗakin wani ɗan'uwa ba tare da rajista ba, ya zama mai laifi tun bai buɗe jakar kuɗinsa ba.

Wannan ne ya tara 'yan Afirka a unguwanni biyu. A Sanyuanli, kusa da kasuwannin tufafi da takalma, 'yan kabilar Ibo ne suka fi yawa. A Xiaobei kuwa, kewayen dogon benen Tianxiu, Musulmin Afirka ta Yamma ne suka yi sansani: 'yan Mali da Gini da Senegal da Nijar da Arewacin Najeriya, tare da Larabawa da Musulmin Sin. Xiaobei ita ce mafi kama da zango a birnin. Akwai ejan-ejan na jigilar kaya, da masu canjin kuɗi, da tafintoci, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya ji ana sallama da Hausa a cikin lif.

Amma zango ne marar sarki. Ejan ɗin da ke taimakon sabon zuwa shi ma a kan gajeriyar biza yake zaune, ba shi da ikon tsaya wa kowa a gaban hukuma. Tun daga 2014 mahukuntan birnin suka tsananta sintiri da binciken fasfo a yankin, suka kori masu kasa kaya a bakin titi. A waccan shekara hukumomi sun ce 'yan Afirka kimanin 16,000 ne ke birnin. A Disambar 2019 sun ce 13,652 ne. Zuwa Afrilun 2020, bayan annobar korona ta rufe hanyoyi, adadin ya faɗo zuwa 4,553.

Afrilun 2020

A farkon wannan wata ne hukumomin Guangzhou suka sanar cewa an samu 'yan Najeriya biyar ɗauke da cutar korona, kuma an alaƙanta su da wani gidan abinci a gundumar Yuexiu. Cikin 'yan kwanaki, masu gidajen haya da otal suka fara fitar da baƙaƙen fata. Bidiyo ya bazu na mutane kwance a bakin titi da ƙarƙashin gada da akwatunansu. An yi wa 'yan Afirka gwajin dole tare da killace su, har da waɗanda suka yi watanni ba su fita daga ƙasar ba. Wani reshen McDonald's ya manna sanarwar hana baƙaƙen fata shiga, abin da ya sa kamfanin ya nemi afuwa ya rufe reshen na ɗan lokaci.

Martanin Najeriya ya yi zafi fiye da yadda aka saba. An ga wani jami'in ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Guangzhou yana jayayya da jami'an Sin a kan titi kan fasfunan da aka ƙwace. Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zaunar da jakadan Sin, Zhou Pingjian, ya nuna masa bidiyon a gaban kyamara. Ministan Harkokin Waje Geoffrey Onyeama shi ma ya kira jakadan. Jakadun Afirka a Beijin sun rubuta takardar koke ta haɗin gwiwa, shugaban hukumar Tarayyar Afirka Moussa Faki Mahamat kuma ya gayyaci wakilin Sin. Beijin ta musanta cewa tana da manufar wariya, amma a farkon Mayu lardin Guangdong ya fitar da umarnin hana gidajen abinci da otal da masu haya nuna bambanci. A ƙarshen watan aka kwaso 'yan Najeriya 268 zuwa Abuja.

Abin lura shi ne inda rikicin ya taso da inda ya ƙare: daga gidan abinci ya faro, a ƙofar otal ya fashe. A rana ɗaya mutum mai halastacciyar biza da kuɗi a aljihu ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa, domin babu wata yarjejeniya ko cibiya da ta tsaya tsakaninsa da mai gidan haya.

Neman halal a birnin naman alade

Mutanen Guangzhou na alfahari da girkinsu, kuma suna da dalili. Al'adarsu ta shan shayin safe, inda iyali ko abokai ke zama a gidan abinci ana kawo ƙananan kwanduna na abincin da aka turara, ta shahara a duniya. Amma ga Musulmi, kusan kowane kwando abin tambaya ne. Naman alade shi ne naman yau da kullum, ana soya ganye da kitsensa, ana zuba giyar shinkafa a miya. Ko farantin da ba a ga nama a cikinsa ba, ba lallai ne ya kuɓuta ba.

Duk da haka birnin ba baƙon Musulunci ba ne. Masallacin Huaisheng, mai tsohuwar hasumiya da ta kai kimanin mita 36, na cikin mafiya tsufa a ƙasar Sin. Akwai kuma hubbaren da Musulmin ƙasar ke jingina wa Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihi na Musulunci sun tafi a kan cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. A masallacin da ke gefen hubbaren dubban mutane ke sallar Juma'a, 'yan Afirka da Larabawa da 'yan Pakistan da Sinawa a sahu ɗaya.

Cikin baƙo Musulmi ya dogara ne ga Musulmin arewa maso yammacin Sin. 'Yan ƙabilar Hui na da ƙananan shagunan taliyar hannu da romon naman sa a kusan kowace unguwa, kuma su ne mafi araha. 'Yan Uighur na gasa naman rago a tsinke kamar tsire, su haɗa da gurasar tanderu da ba ta da nisa da ta Kano. Akwai gidajen abincin Turkawa da na Larabawa ga mai hali. Sai kuma ɗakunan girki na 'yan Afirka a cikin benaye, inda ake samun dafa-duka da tuwo da miya. Da yawansu ba su da lasisi, don haka yau suna nan, gobe an rufe.

Ko wannan ɓangare siyasa ta shige shi. A ƙarƙashin manufar gwamnati ta mayar da addinai su dace da al'adun Sin, an umarci gidajen abinci a birane da dama su cire rubutun Larabci daga allunansu. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton hakan a Beijin a Yulin 2019. Ga ɗan kasuwar da ya yi makarantar allo a Sakkwato, kalmar halal da baƙaƙen Larabci ita ce kaɗai abin da zai iya karantawa a titi gaba ɗaya. Inda aka goge ta, dole ya haddace siffar haruffa biyu na Sinanci da ake furtawa qingzhen, waɗanda ke nufin abincin Musulmi.

Teburin cin abinci kuma shi ne rabin ciniki. Mai masana'anta kan gayyaci abokin hulɗa walima a zagayayyen tebur, kuma a nan ake auna mutum kafin a yarda a ba shi kaya bashi ko a rage masa farashi. Akwai ladubba da ake lura da su: a ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu idan an zuba wa mutum shayi, alamar godiya, kada a kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci, mai gayyata ne ke biya. Mafi wuya ita ce giyar baijiu da ake ɗaga kofi da ita. Al'adar ta yarda mutum ya ɗaga kofin shayi a madadinta, muddin an yi bayani tun farko. Wanda ba shi da tafinta mai amana kan rasa yadda zai ƙi ba tare da an ɗauka raini ba ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Kuɗi a cikin waya

Ko an samu ɗaki da abinci, saura biya. A biranen Sin kusan komai da waya ake saye, ta manhajar WeChat Pay ko Alipay, daga kwanon taliya zuwa kuɗin tasi. WhatsApp da Facebook da Google kuwa a toshe suke a intanet ɗin ƙasar. Daga 2023 aka sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin Visa ko Mastercard da waɗannan manhajoji, a Maris 2024 kuma aka ɗaga iyakar ciniki ɗaya daga dala 1,000 zuwa 5,000. Amma sauƙin ya zo ne a daidai lokacin da bankunan Najeriya suka dakatar da amfani da katin naira a ƙetare, matakin da wasunsu ba su janye ba sai a tsakiyar 2025. Dala kuma, wadda ke kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a 2024.

Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuan biliyan 15 da takwaransa na Sin, aka kuma sabunta ta a Disambar 2024. An tsara ta ne don masu shigo da kaya ta hanyar banki da cikakkun takardu. Mai sayen kwali ashirin na fitilun caji ba ya cikin wannan sahu. Shi naira yake tura wa ɗan canji, a ba shi yuan a can, bisa amana kawai. Idan kuɗin ya maƙale, ba shi da takardar da zai kai gaban kowa.

Gyaran da aka samu, da wanda ya jawo shi

Ranar 24 ga Mayu, 2024, Ma'aikatar Tsaron Jama'a ta Sin da Ma'aikatar Kasuwanci da Hukumar Shige da Fice suka bayyana cewa babu otal da ke da hurumin ƙin sauke baƙo da hujjar rashin izini. Sanarwar amsa ce ga koken da matafiya daga Najeriya da Ingila da Pakistan suka shigar a shafin gwamnatin ƙasar. A Yuli aka ƙarfafa ta da wani umarni na hukumomi bakwai. Ci gaba ne na gaske, kuma ya dace ɗan kasuwa ya san da shi, domin yanzu doka na bayansa idan aka juya masa baya.

Amma ya kamata a lura da abin da ya haifar da shi: koken talakawan matafiya, da buƙatar Sin ta dawo da baƙi bayan shekaru uku na kulle. Wannan buƙata ce ta sa daga ƙarshen 2023 ta ɗauke wa 'yan ƙasashe da dama biza, akasarinsu na Turai da Asiya. Najeriya ba ta cikin jerin. A Satumbar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya je Beijin, aka ɗaga dangantakar ƙasashen biyu zuwa matsayin cikakken ƙawance. A Yunin 2025 Sin ta sanar da shirin cire haraji kan kayan ƙasashen Afirka 53. Ana ta share wa kaya hanya, amma mutumin da ke bin kayan har yanzu sai ya taso daga Sakkwato zuwa Abuja neman bizar 'yan kwanaki.

Najeriya ta nuna cewa tana iya motsi da sauri idan abu ya faru a gida. A Afrilun 2024, da aka zargi wani kantin Sinawa a Abuja da hana 'yan ƙasa shiga, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta rufe shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ya rage mata shi ne aikin da ba ya jiran bidiyo ya bazu.

Adalci kuma ya buƙaci a faɗi laifin gida. Wasu 'yan Najeriya sun zarce wa'adin bizarsu, wasu an kama su da miyagun ƙwayoyi ko takardun jabu, kuma mai gaskiya ne ke biyan bashin da suka ci, a layin biza da gaban teburin otal.

Wa zai zama fatoma?

Arewa ta san yadda ake wannan aiki. Kowace shekara Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jihohi, har da ta Sakkwato, na tura jami'ai Makka da Madina su duba masauki, su tantance masu dafa abinci, su haɗa mahajjata da jagorori masu jin harshensu. Ba a buƙatar sabuwar hukuma domin fatake, amma tsarin abin koyi ne.

Cibiyoyin 'yan kasuwa na Sakkwato da Kano da Katsina na iya haɗa membobinsu su tafi a ayari lokacin bajekoli, da ɗakunan da aka kama tun daga gida, da tafinta mai rajista, da bita kan dokar rajista da wa'adin biza. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Guangzhou na iya wallafa jerin otal da gidajen abincin halal da aka tantance, da lambar gaggawa, da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasar, ya kuma riƙa tattara koke domin a samu hujja a teburin tattaunawa. Teburin ma yana nan: kwamitin haɗin gwiwar gwamnatocin biyu, wanda Yusuf Tuggar da Wang Yi suka jagoranci zamansa na farko a Beijin a Yunin 2024. A nan ya kamata a nemi biza mai dogon wa'adi ga ɗan kasuwar da ya sha zuwa ya dawo a kan lokaci. Babban Banki kuma ya buɗe wa ƙananan 'yan kasuwa ƙofar sayen yuan da sharuɗɗan da za su iya cikawa.

Jihar Sakkwato na da sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 11. Matasan da ke bibiyar ayyukansu na da damar tambayarsu me ya biyo bayan hayaniyar 2020, kuma wane ne a cikinsu ya taɓa ɗaga batun bizar 'yan kasuwa ko yuan a zauren majalisa.

Tambayar ta shafi har wanda bai taɓa mallakar fasfo ba. Kowace tara da aka biya, kowane dare da aka kwana a otal mai tsada don mai araha ya ƙi karɓa, kowace la'ada da ɗan canji ya cire, a kan farashin kaya suke komawa. Mai sayen fitilar caji a Ƙofar Atiku ne ke biyansu a ƙarshe.